Katin Shugaba

Ranar da aka zaɓe ni shugaban 'yar ƙungiyarmu ta adana tarihi a nan Katsina, aikin farko da na yi shi ne na aika aka buga mini kati mai sunana da muƙamina. Ban tambayi nawa ke cikin asusu ba. Ban nemi littafin da ake rubuta kayan da muke riƙe da su ba, don ban ma san babu shi ba.

Ƙungiya ce ta sa kai, ba riba ba albashi. Abin da muka mallaka bai wuce wani soron ƙasa da aka ba mu aro a cikin gari ba, sai kayan amana: tsofaffin hotunan hawan sallah, sirdi ɗaya, kaset-kaset na Shata, da gafaka uku na takardun hannu, Larabci da ajami, waɗanda wani gidan malamai ya damƙa mana bayan mun yi ta sintiri.

Ni kuwa jarina baki ne. Ko daga barci ka tashe ni zan jero maka sarakunan Katsina: Dikko daga 1906 zuwa 1944, Nagogo har 1981, Kabir har 2008. In an yi baƙi ni ke kai su gindin hasumiyar Gobarau, in yi ta zuba kan Muhammadu Korau da Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga nan mu wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta zama gidan tarihi, in nuna musu inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kai ka ce tare muka zauna aji. Littafin Dokta Bala Usman kan tarihin Katsina kuwa, na karanta shi har bangonsa ya fita. Na ɗauka shugabancin ke nan.

Akwai wani dattijo, tsohon magini, da ke kula mana da soron. Da bazara ta kama ya same ni ya ce, "Ranka ya daɗe, rufin nan yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka. Indararon baya ya toshe, gara kuma ta fara taɓa azara ɗaya." Kuɗin da ya ambata na ƙasa da makuba da ladan leburori bai kai kuɗin hayar kujeru ba. Na ce, "Baba, bari a gama taro tukuna."

Taron ƙaddamar da gidauniya ne, kuma ni na ƙirƙiro shi. Ma'ajinmu, wata malamar makaranta mai ƙarancin magana, ta ce, "Shugaba, kuɗin da ke hannu ake lissafi da shi, ba wanda za a faɗa a lasifika ba." A gaban kowa na ce mata ba ta da hangen nesa. Muka kwashe asusu muka kama zaure, aka kira maroƙa, aka yi uban taro da babban mai ƙaddamarwa, aka yi ta shelar alkawari ana tafi. Na ɗinka sabuwar malum-malum. Wata uku ina bin ƙofofin gidaje ana ce mini mai gida ya tafi Abuja.

Ruwan Agusta bai jira Abuja ba. Da asuba Baba ya aiko yaro. Na tarar kusurwar rufin ta rufto, daidai kan akwatin da gafakan suke. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san halin tawadarmu, an yi ta ne ta wanku da ruwa. Na ɗaga takarda ta farko, sai yatsuna suka yi baƙi. Gafaka ɗaya ta zama curi guda.

Ban fahimci abin da na yi ba sai da na je gidan masu takardun. Dattijon gidan ya saurare ni har na gama ranto kalmomi, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya ƙaddara. Sannan ya tambaya, "Malam, wanne ne daga ciki ya tafi? Na fiƙihun ko waƙoƙin kakanmu?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Shekara biyu suna hannuna, ban taɓa kwance igiyar gafakar ba. Ni da ke jero sarakuna da shekarunsu, ban san sunan amanar da na ɓatar ba. Ya gane, sai ya kau da kai don kada in ji kunya, abin da ya fi zagi ciwo.

A hanyar komawa na bi ta Gobarau, na tsaya ina kallonta kamar baƙo. Ginin ƙasa ne. Ba jawabi ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru ba, wasu ne da ba a rubuta sunansu ba suke ta hawa suna yaɓe. Wanda zai riƙe irin wannan wuri, in ya iya tarihi madalla, amma aikinsa na yau da gobe ya san me ke ɗaki, nawa ke asusu, wane wata ake gyaran rufi, kuma ya iya yin shiru idan magini ko ma'aji na magana. Roƙo ma sana'a ce da ban iya ba: dubu biyar-biyar ta 'yan ƙungiya da ke shigowa kowane wata ta fi miliyan ɗin da aka tafa wa. Na san da yawanmu masu riƙe da kwamitin masallaci ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai akwai wani Baba da muka ce wa bari a gama taro.

Na ba malamar haƙuri a gaban mutanen da na gwale ta a gabansu. Ta karɓa, da sharaɗin ba a ƙara fitar da ko sisi sai da hannu biyu. Muka sayi babban littafi muka fara rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, tare da wani almajirin gidan malaman da ke karanta mana sunan kowace takarda. Da muka rasa abin da za mu maƙala wa kayan lamba, sai Baba ya ɗauko kwalin katunan nan nawa daga kan taga, ya juya guda ya ce, "Ranka ya daɗe, ai bayan nan fari ne."