Mota Mai Kujera Biyu A Hanyar Mahuta

Kowane zamani da irin abin hawan da samarinsa suke mafarki. Kakanninmu sun yi mafarkin doki. Iyayenmu suka taso da burin keke Raleigh, daga baya babur Honda ko Vespa, wanda Allah ya ɗaukaka kuwa ya kai ga Peugeot 504, wadda kowa ke ce wa Fijo. Mu kuma samarin yau wayar hannu ta buɗe mana ido, ta nuna mana waɗansu motoci da ake ƙerawa a Turai, masu kwanciya a ƙasa kamar kunkuru, masu ruri kamar zaki, irin su Ferrari da Lamborghini da Bugatti. Da wuya a yi mako guda a ɗakunan kwananmu na jami'a ba a yi gardama a kansu ba. Abin da ya fi jawo musu shi ne, wai idan Allah ya hore wa mutum irin wannan mota, zai iya mai da ita abin hawansa na kullum, ya je aiki da ita, ya je kasuwa, ya je gaisuwar mutuwa? Abokaina da yawa sun ce ƙwarai kuwa. Ni dai ina da ja, kuma dalilina daga garinmu na ɗauko shi.

Ni mutumin Mahuta ne, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, cikin Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Hanyar da ta taso daga Koko ita ce ta ratsa garinmu ta nufi Dabai da Zuru. Akasarinmu manoma ne, masu noman dawa da masara da wake da shinkafa, sa'an nan ƙasarmu ta yi suna wajen aikin soja. Amma kafin in kai mai karatu can, ya kamata in ɗan bayyana irin motar da ake magana a kai, domin kada a ce na yi wa baƙuwa hukunci ba a san ta ba.

Gaskiya ne hikimar da aka zuba wajen ƙera waɗannan motoci abin mamaki ce. Ɗauki Bugatti Veyron da ta fito a shekarar 2005. Injinta silinda 16 gare shi, ƙarfinsa ya kai na doki 1,001, tana kuma iya gudun da ya wuce kilomita 400 a awa guda. Fijon da iyayenmu suka hau kuwa silinda 4 gare ta, ƙarfinta bai kai na doki 100 ba. Lamborghini Aventador, wadda ta fito a 2011, silinda 12 ce, injin yana bayan direba, ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikan tsuntsu. An kwantar da ita ƙasa da gangan domin iska ta riƙa danne ta a kan titi idan gudu ya yi gudu. Akwai su a Nijeriya. Tsohon sanata Dino Melaye ya yi suna wajen nuna irinsu a gidansa na Abuja, kuma a 2020 attajirin nan Femi Otedola ya saya wa 'ya'yansa mata uku Ferrari, kowacce da tata. Saboda haka ba tatsuniya muke yi ba.

To, bari mu ɗauka an ba ɗaya daga cikin abokan gardamata Aventador kyauta, an ajiye masa ita a Koko, an ce ga hanyar Mahuta nan, daga yau ba shi da wani abin hawa sai ita.

Abu na farko da zai fara gamuwa da shi shi ne ƙasa. Tsakanin cikin motar da titi bai fi faɗin tafin hannu ba. Wannan hanya tamu kuwa ta yi shekaru tana da ƙaurin suna wajen ramuka, har direbobi su kan sauka daga kwalta su bi gefe. Mu ce an zuba mata sabuwar kwalta sumul, ai ba a kan babbar hanya mutum yake kwana ba. Dole ya sauka ya shiga unguwa, ya haura tudun da ake ginawa don rage gudun motoci, ya bi hanyar burji da zaizayar damina ta tsaga, ya ƙetare rafin da ba shi da kwalbati. Maƙeran sun sa wa wasunsu na'urar da ke ɗan ɗaga gaban motar, amma ɗagawar 'yar kaɗan ce, an yi ta ne don shiga ƙofar gareji a Turai. Gudun da ake yi wa kirari kuma ba shi da wurin zuwa. Dokar hanya ta ƙasar nan ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba ko a titin da ya fi kowane kyau, balle hanyar da akuya da garken shanu da yaro mai talla suke da rabo a cikinta.

Abu na biyu shi ne mai. Veyron idan ta sake gudunta duka, tankinta mai cin lita 100 ya kan ƙare cikin kamar minti 12. Ko a tafiyar hankali ma waɗannan motoci sun ninka ƙananan motoci sha. Kowa kuwa ya san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Bugu da ƙari, injin irin wannan mota tsantsar mai mai daraja yake so. A ƙauye kuwa sau da yawa ɗan bumburutu ne gidan manka, da jarkarsa da mazurarinsa. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da gurɓataccen mai ya shigo ƙasar nan ya lalata injunan motoci a manyan birane. In haka ta faru a Legas da Abuja, ina ga jarkar bakin hanya?

Abu na uku shi ne gyara. Bakaniken garinmu da kunne yake gane ciwon mota. Ya saurari ƙarar inji, ya ce a kwance kaza, in babu kayan a Zuru a aika Kontagora, in ta yi tsanani a nemo a kasuwar Panteka ta Kaduna. Ita kuwa waccan sai an jona mata kwamfuta ta musamman kafin ta faɗi abin da ke damunta, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga Italiya. Yawancinsu ba su zuwa da tayar safiya, kuma tayar tasu faffaɗa ce marar kauri, wadda mai facin bakin tasha bai taɓa kwance irinta ba. Ƙusa guda ta isa ta sa a ɗauko babbar mota daga birni a loda ta kamar buhun masara. Nan ne mutum zai gane abin da ya sa Fijo ta yi sarauta a ƙasar nan. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a wannan shekarar 504 ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, wadda ake yi cikin laka da ƙura. Mota ce mai tsawon ƙafa, mai haƙuri, wadda kowane gari akwai wanda ya san cikinta.

Duk waɗannan abubuwa uku kuɗi na iya maganinsu, haka abokaina su kan ce, kuma ban musa ba. Mai dukiya yana iya sa a kawo masa mai daga birni, ya ɗauko injiniya a jirgi. Amma akwai na huɗu wanda kuɗi ba su gyara shi, shi ne kuma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A wani hutu na nuna wa mahaifina hoton Lamborghini a waya, na gaya masa kuɗinta sun fi ƙarfin abin da unguwarmu duka za ta noma a shekaru. Ya duba, ya juya wayar, ya sake dubawa, sa'an nan ya ce, "Ina ake sa kaya?"

Na ce, "Akwai ɗan wuri a gaba, Baba, yana ɗaukar jakar tufafi guda."

Ya ce, "Mutum nawa take ci?"

Na ce, "Biyu ne, da direba."

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Allah sarki. Mai ita ba shi da dangi ne?"

Wanda ya tashi a birni zai ɗauka raha ce. A wurinmu tambaya ce mai nauyi, domin a gari irin Mahuta mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Shi ne ya biya kuɗinta, amma unguwa duka tana da haƙƙi a cikinta. Ita ce motar amarya, ita ce motar asibiti, ita ce ke kai mutane ta'aziyya ƙauyen da ke nesa, ita ke kai ɗalibi tasha da akwatinsa da ƙullin garinsa. In ka fito za ka Zuru, ba ka isa ka wuce tsohuwa a bakin hanya da ƙwaryarta ba.

Na ga wannan da idona ina ɗan sakandare. Wani dare cikin damina naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabcinmu, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta ta ce sai dai asibiti. Mota guda ce a layinmu, tsohuwar Fijo mai dogon baya ta wani dattijo da ya yi ritaya daga soja, wanda muke kira Baba Soja. Mijin ya ƙwanƙwasa masa ƙofa yana cewa, "Baba, a gafarce ni, na tashe ka cikin dare." Dattijon bai bari ya ƙarasa ba, ya ce, "Ɗauko ta." Aka kwantar da ita a kujerar tsakiya, uwarta ta riƙe mata kai, ungozoma na gefe, mijin yana gaba, ni da wani yaro muna can baya domin turi. Sau biyu muka sauka cikin taɓo muka tura. Kafin asuba muka isa, aka karɓe ta, ta sauka lafiya. Mu bakwai ne a motar nan. Da a ce mai kujera biyu ce a ƙofar gidan Baba Soja, wa za a ɗauka, wa za a bari? Ko mai naƙudar ma ba ta iya sunkuyawa ta shiga.

Saboda haka wanda ya mai da irin wannan mota abin hawansa na kullum a garinmu, ko bai buɗe baki ba ya riga ya yi wa jama'a sanarwa cewa kada kowa ya sa rai da shi. Bahaushe kuwa da jama'a yake auna arziki, shi ya sa idan ya yabi mutum ya kan ce mai mutane ne. Har yau ana ba da labarin al'adar golmo ta Dakarkarin ƙasarmu, inda saurayi ke yin shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Abin da ake dubawa shi ne jimirinsa da amfaninsa ga wasu. Da wannan ma'auni muke auna mutum, da shi kuma muke auna abin hawansa.

Kada a ce ina ƙyamar ado. Magabatanmu sun san ado, amma sun san muhallinsa. Dokin hawan salla yana da bargarsa da mai kula da shi, ana yi masa kwalliya a fito da shi rana guda gari duka ya sha kallo, kashegari kuwa jaki ne zai kai taki gona. Ba a taɓa jin wanda ya sa alkyabba ya tafi huɗa ba. Attajiran da suka mallaki waɗannan motoci su ma haka suke yi, suna da waɗansu na zirga-zirgar yau da kullum. Kai, maƙeran da kansu sun sallama. A 2018 Lamborghini ta fara sayar da Urus, doguwa mai ƙofa huɗu, ta kuwa zama motar da kamfanin ya fi sayarwa. Ferrari ma ta biyo baya a 2022 da Purosangue. Ashe ko a Turai mutum yana da iyali.

Akwai wani abu a tarihin Lamborghini da nake so 'yan uwana ɗalibai su riƙe. Wanda ya kafa kamfanin, Ferruccio Lamborghini, ɗan manoma ne, kuma da tarakta ya fara. A 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga ƙera taraktoci domin manoman Italiya, da su ya yi arziki, sai a 1963 ya buɗe masana'antar motocin gudu. A 1964 aka kammala babban titin da ya haɗa Milan da Naples. Watau gona ta ƙoshi tukuna, hanya ta miƙe, sa'an nan aka yi motar wasa. Mu kuwa muna so mu fara daga inda suka ƙare. Tambarin motar hoton bijimi ne, mu kuma a Mahuta har yanzu bijimi garma yake ja. Da za a tambayi mutanen garinmu wace Lamborghini suke so, na tabbata ta farkon za su zaɓa.

Jama'a, mu da muke cikin jami'a yau, mu ne gobe za mu koma garuruwanmu da albashi, wasunmu da muƙami, wasu ma su ne za su sa hannu a kan kwangilar hanya. Ba laifi ba ne mutum ya kalli abu mai kyau ya yaba, ni ma ina kallo. Amma ranar da Allah ya hore wa ɗayanmu motarsa ta farko, ina roƙonsa kafin ya tambayi gudunta ya leƙa ciki ya ƙirga kujeru, ya sunkuya ya dubi tsawon ƙafarta, ya kuma tuna da hanyar gidan uwarsa a watan Agusta. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, wanda za a ƙwanƙwasa mana ƙofa saboda shi cikin dare mu tashi da farin ciki, amin.