Ikkilisiyarmu a Gaɓar Hamada

Wata rana muna cikin darasin labarin ƙasa, muna bayani a kan garuruwan da ke bakin teku kamar Ikko da Kalaba, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu kuma a gaɓar me muke?" Aji ya fashe da dariya, amma tambayar tana da ma'ana. Masana suna kiran yankin da ke kudu da hamada Sahel, kalmar kuwa daga Larabci ta fito, ma'anarta gaɓa. A wurin fataken dā hamada teku ce, raƙumi kuma jirginta. Ashe mu ma 'yan gaɓa ne, ko kuwa maƙwabtanta na kusa. Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya kamata mu rubuta ɗan tarihin ƙaramar ikkilisiyar da ta raine mu, a wani ƙauye na ƙasar Roni.

Bari mu fara da ƙasar. In mutum ya taso daga Kano ta hanyar Daura, ya wuce Dambatta, bayan tafiyar kimanin kilomita 80 zai ga duwatsu sun tare masa ido. Ya iso Kazaure ke nan. Roni tana yamma da ita, Gwiwa tana arewa maso yamma, dukansu suna iyaka da Jihar Katsina. Babura tana gabas, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Damina gajeruwa ce, yawanci daga Yuni zuwa Satumba. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne abincinmu da kuɗinmu. Kuka da tsamiya da gawo su ne inuwarmu, ko da yake shi gawo da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar shuka ta sha rana. Inda Kogin Gari ya ratsa, da kewayen madatsar ruwa ta Kazaure, ana noman rani da su.

Ƙasar tana da tarihinta tun kafin a kafa majami'a ko ɗaya. Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, a zamanin da ya biyo bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga ƙasashen da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin wannan masarauta, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim. Dukanmu muna cikin Jihar Kano har 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka kafa Jihar Jigawa.

Ta yaya bishara ta iso nan? Mishan ta SIM ta soma a 1893, sa'ad da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan. Biyu na farko suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida. An daɗe ba a ba mishan izinin zama a ƙasashen sarakuna ba. A shekarun 1930 ne ƙofa ta buɗe ta hanyar jiyyar kutare, a wurare kamar Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga kusa da Katsina. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga baya SIM ta zauna a Roni, ta buɗe makarantar kwana ta yara maza, inda aka riƙa kawo yara daga wurare masu nisa. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA.

Wannan shi ne tarihin da ke cikin littattafai. Namu na ƙauye ba ya cikinsu. Kakanninmu Maguzawa ne, manoma, masu tsafin gida. Wani mai bishara, Bahaushe ɗan'uwansu, shi ya riƙa zuwa a kan keke yana koya musu karatu a gindin tsamiya. Daga tsamiya aka koma rumfar kara, daga rumfa aka gina ɗakin ƙasa, sai daga baya aka sa kwano. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe. Ba mu taɓa cika ɗari ba, ko ranar Kirsimati.

A hutun da ya wuce muka je gida da niyyar tattara wannan labari. Muka sami dattijon ikkilisiya mafi tsufa a zaurensa, muka durƙusa muka gaishe shi. Muka ce, "Baba, ina littafin da ake rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma?" Ya aiki jikansa ya ɗauko wata tsohuwar adaka. Da aka buɗe, sai muka ga gara ta cinye fiye da rabin littafin. Shafukan farko, inda sunayen masu bi na fari suke, sun zama ƙasa. Ya dube mu ya ce, "Malam, mun sa ku makaranta domin ku riƙe mana alƙalami. Kun tafi birni kun bar mu da gara." Ba mu sami amsa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Muka kwana uku muna rubuta abin da ya iya tunawa. Ya ba mu labarin farin 1973, da na 1984 wanda mu ma muke ɗan tunawa muna ƙanana. Ya ce a waɗannan shekaru zumuntar mata ta riƙa tara hatsi tiya-tiya ana kai wa gwauraye, ba a tambayar wa ke zuwa majami'a, wa ke zuwa masallaci. Ya ce filin da majami'ar take a kai, mai unguwa ne Musulmi ya nuna shi, kuma ranar da iska ta yaye kwanon, maƙwabta ne suka fara kawo azara. Da sallah suna aiko mana da nama, da Kirsimati muna aika musu da shinkafa. Ba mu ce ba a taɓa samun saɓani ba, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne kujeru suna yin fili. Ƙasa ta gaji, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, samari suna tafiya cin rani Kano da Kaduna da Abuja, da yawa ba sa dawowa. In dattawan nan suka kwanta dama, wa zai san inda tsamiyar nan take?

A littafin Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, an umarce su su ɗauki duwatsu 12 su kafa, domin in 'ya'yansu suka yi tambaya a sami abin nuna musu. Ya ku ɗalibai, ga aikin hutu da ba mai ba ku maki a kansa. Ku sayi littafin rubutu ɗaya. Ku zauna gaban kakanku ko kakarku, ku tambayi wa ya fara kawo bishara ƙauyenku, a ina aka fara sujada, wa ya ba da fili, wa ya taimaka a shekarar yunwa. Ku zana taswirar ƙauyen da rijiyoyinsa da fadamunsa da itatuwansa. Ku kawo mana in an dawo, mu ajiye inda gara ba za ta kai ba.

Allah shi ba mu ikon yi. Amin.