Inda Kibiya Ke Tsayawa

A filin harbi na Hwanghakjeong, a gindin dutsen Inwang da ke birnin Seoul, sau da yawa kunne ne ke tabbatar wa maharbi abin da ido ya kasa gani. Abin harin yana can nesa, mita 145. Ƙaton allo ne na katako da aka lulluɓe da roba, faɗinsa mita 2, tsayinsa ya haura mita 2 da rabi. Kan kibiyar a dunƙule yake, ba tsini. In ta samu, sai a ji tim, ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. A je a tsinto ta lafiya lau, allon kuma ya yi shekaru yana shan duka.

Maharbin Amurka zai ga wannan kamar almara, don shi kullum cikin neman abin da zai tare kibiyarsa yake. Asalin wahalar daga 1969 ne, shekarar da Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Missouri, ya samu takardar mallakar fasahar baka mai gargare a bakinsa biyu. Jikokin wannan baka a yau suna tura kibiya fiye da ƙafa 300 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 330 a awa. Bakan da ake ɗanawa kamar bindiga kuwa ya wuce ƙafa 400. Damin ciyawar da kakanni suka saba jinginawa a bayan gida ya daina amfani: kibiya ta ratsa shi, ta bar gashinta a ciki, ta wuce neman katangar maƙwabci.

Shi ya sa mai sayen abin hari a kantin kayan farauta ba ya fara duba kyan zane. Lambar da ke jikin kwali yake nema, wadda ke faɗin iyakar gudun da abin zai iya tarewa. Akwai buhu da aka danƙare da zaren roba, mai araha, wanda yatsu biyu ke zare kibiya daga cikinsa. Amma na kibiyar atisaye ne kawai. Aka kuskura aka harba masa kibiyar farauta mai baki kamar aska, yagewa zai yi, kan kuma ya maƙale a ciki. Ga irin wannan sai dunƙulen soso mai tauri, ko wanda aka jera falle-falle aka matse. A nan ma akwai sauran rina a kaba. Kibiyar kabon siririya ce, tana shiga da zafin gogayya har soson ya ɗan narke ya kama ta, ƙato ya dafe da ƙafa yana ja yana nishi. Wasu kan goga wa kibiya sabulu kafin harbi. Tsakiyar kuma, inda kowa ke nufa, ita ke fara ruɓewa, dole a sake sayen wani.

Japan ta raba aikin gida biyu, kuma dabararta ta fi kwanta wa mai lura a rai. Abin da ake auna, mato, takarda ce kawai a kan zoben katako, santimita 36, daga nisan mita 28. Ba shi ke tare kibiya ba. A bayansa akwai azuchi, tudun yashi da ake yayyafa wa ruwa, ana lallaɓa fuskarsa don kada ya bushe ya zube. Kibiya ta huda takarda, yashi ya karɓe ta, ɗalibi ya zaro ya goge da ƙyalle. Mai koyo ma ba nan yake farawa ba, sai gaban makiwara, ɗaurin karan shinkafa, daga taku biyu ko uku, inda ba a tambayar ko ya samu, sai yadda ya tsaya da yadda ya saki tsirkiya. Gaskiya ne bakan Japan bai kai na Amurka gudu ba, amma tudun yashi ba ya ƙarewa, gyara kawai yake so.

A Bhutan ne tsohuwar hanya da sabuwa suka yi karo. Harbin baka shi ne wasan ƙasa tun 1971, kuma a filin Changlimithang na Thimphu har yanzu abin harin guntun katako ne mai fenti, faɗinsa wajen santimita 30, nisansa kusan irin na Koriya. Kakanni da bakan gora suke harbinsa. Yanzu maza sanye da gho, rigarsu ta gargajiya, suna riƙe da bakan Amurka mai gargare, katakon kuwa yana nan yadda yake. Abin da ke tayar da hankalin baƙo shi ne mutane: 'yan wasa na tsaye dab da allon, suna yi wa abokan hamayya tsiya, suna gocewa in sun hango kibiya. Ana samun raunuka, kuma kibiyar yau ba ta ba mutum lokacin da ta gora ke bayarwa. In ta kafe a katako, sai su jeru a gabansa su kama rawa da waƙa, kafin na gaba ya ja tsirkiya.