Adon Ƙofar Gida

A Nasarawo, wata maƙwabciyarmu 'yar Tangale ta naɗa igiyar ƙananan fitilu a jikin darbejiyar ƙofar gidanta, yaranta suka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, suka rataya balan-balan. Kayan araha ne, ƙurar hunturu za ta dusashe su cikin 'yan kwanaki, gidan ma kulle shi za a yi, don a Billiri suke Kirsimeti. Sai na riƙa tunanin wa aka yi wa adon. Ina jin mu ne masu wucewa, kamar yadda muke share ƙofa mu yayyafa ruwa ranar Sallah. Ko abin hannunta kaɗan ne, tana so maƙwabta su shaida murnarta kafin ta tafi garinsu.