Tarkwa Bay: Neman Allo Ɗaya Da Zai Yi Wa Ruwa Biyu

Mota ba ta zuwa Tarkwa Bay. Duk mai son zuwa sai ya shiga kwalekwale mai inji daga ɗaya daga cikin tashoshin ruwan Legas, irin ta CMS da ke Marina ko waɗanda ke gefen Victoria Island, a sa masa rigar ceto, a bi da shi ta mashigin da manyan jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Idan aka yi sa'a aka haɗu da jirgin kwantena yana shigowa, mutum zai ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa, don jirgin ya fi benayen unguwarmu da yawa tsawo.

Shi wannan bakin ruwa aikin hannu ne ya haifar da shi. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera ganuwoyin duwatsu daga gaɓa zuwa cikin teku, don kada yashi ya riƙa toshe wa jirage hanya. Daga wajen Abeokuta aka riƙa kwaso duwatsun a jirgin ƙasa. Yashin gaɓar Legas daga yamma yake tafiya zuwa gabas, saboda haka ganuwar yamma ta tare shi ya taru a bayanta, gefen gabas kuwa ya rasa, teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har aka zo aka cike wurin ana gina Eko Atlantic. Tarkwa Bay tana ɗan lungun da ke tsakanin ganuwoyin nan. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin, hukumomi suka ce saboda fasa bututun mai ne, kuma har yau idan ka zauna da matasan wurin ba a daɗe ana hira sai zancen ya faɗo.

Abin da ya sa wurin ya bambanta shi ne ruwa iri biyu ne maƙwabtan juna. A cikin lungun, ganuwa ta karya ƙarfin teku, ruwan a kwance yake da safe, sai ƙananan raƙuman ruwa da ke birgimowa gaɓa a hankali. Idan ka taka da ƙafa ka tsallaka bayan ganuwar yamma, wajen tsohuwar hasumiyar fitila, sai ka tarar da tekun Atlantika da kanta, tana dukan yashi da rugugi. Can ba wurin ɗan koyo ba ne, ni dai kallo kawai na yi na juyo.

Abin da ya kai ni shi ne wani allo. Ni da ɗan kawuna da ke zaune a Obalende mun yi wata da watanni muna tara kuɗi don mu sayi allon da ake tsayawa a kansa ana tuƙawa da dogon filafili, wanda masu sayarwa ke kira SUP. Shi yana son ya riƙa hawan ƙananan raƙuman Tarkwa a ƙarshen mako, ni kuma ina son idan na koma hutu in tafi da shi madatsar Tiga, inda ruwa ke kwance kamar faranti. Kuɗin allo ɗaya gare mu, kuma ba kuɗin da ɗalibi zai yi wasa da su ba ne. Don haka muka ce kafin mu biya, bari mu je inda ake ba da haya mu gwada iri-iri da ƙafafunmu.

Wasan daga tsibiran Hawai ya fito. Masu koyar da hawan raƙuman ruwa a gaɓar Waikiki ne suka riƙa tsayawa a kan dogayen alluna da filafili don su hango ɗalibansu, sannan a farkon shekarun 2000 su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi ya bazu a duniya. Amma ni da na gani ban ji baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin Sarkawa a Yauri tsaye a kan kwalekwale suna tura shi da gora ya san tsayuwar. Bambancin kawai shi ne allon ba shi da ciki, ba ya ɗibar ruwa, idan ka faɗo sai ka sake hawa.

Saurayin da ke ba da haya ya jera mana alluna uku a kan yashi. Na farko dogo ne, ƙafa 12 da rabi, mai tsinin hanci kamar kifi. Wannan na tafiya mai nisa ne. A ruwan kwance ya fi kowanne daɗi, bugun filafili ɗaya sai ya yi ta sulalawa a miƙe. To amma da ɗan kawuna ya juya shi zuwa gaɓa, wani ƙaramin raƙumi ya ɗago bayansa, sai hancin ya nutse, shi kuma ya wuce ta gaba. Dogon allo ba ya juyawa da sauri, kuma cikinsa a shimfiɗe yake, ba shi da lanƙwasar da za ta ɗaga hanci sama.

Na biyu gajere ne, bai kai ƙafa 9 ba, hanci da wutsiya sun lanƙwashe sama kamar ayaba. Na hawan raƙumi ne zalla. A ƙarƙashin yaran wurin kamar da rai yake, suna karkata shi yadda suka so. A ruwan kwance kuwa wahala ce tsantsa. Kowane bugu sai ya karkace gefe, sai ka yi ta sauya hannu, ga shi ba ya yafe wa wanda ƙafarsa ke rawa. Da a Tiga ne, kafin ka yi nisan kilomita guda kafaɗa ta mutu.

Na uku shi ne wanda ake cewa na ko'ina: tsawo ƙafa 10 da inci 6, wato wajen mita 3.2, faɗi inci 32, hanci mai faɗi a zagaye da 'yar lanƙwasa sama kaɗan. Gaskiya ba ya gudu kamar na farko, ba ya kuma juyi kamar na biyu. Sai dai shi kaɗai ne mu biyun muka iya tsayawa a kansa, muka zagaya lungun, muka kuma bar ƙaramin raƙumi ya turo mu gaɓa ba tare da mun sha ruwa ba. Wanda zai sayi irin wannan ya san da cewa ya sayi tsaka-tsaki ne. Idan bayan shekara ɗaya ya ƙware har ya fara jin allon ya yi masa nauyin jiki, ba cutarsa aka yi ba, haka aka ƙera shi.

A cikin ma'aunan nan, faɗi ya fi damun ɗan koyo. Inci biyu kacal, tsakanin 30 da 32, sai ka ji kamar daga kan igiya aka mayar da kai kan tabarma. Idan kuma ya wuce inci 34 ga mai ƙaramin jiki, hannu ba ya kaiwa ya soka filafili a tsaye kusa da gefen allo, sai tafiya ta riƙa karkacewa. Akwai kuma wata lamba da ake rubutawa a jikin allo da lita, wadda 'yan ajin kimiyya za su gane nan take, don dokar Archimedes ce: lita ɗaya ta ruwan da allo ya ture tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Ɗan koyo yana bukatar lita da ta ninka nauyinsa aƙalla sau biyu. Allunan ko'ina na hurawa galibi suna tsakanin lita 240 da 300, wanda ya ishi yawancinmu har da 'yar jaka a gaba.

Nan muka zo kan gardamar da ta fi ɗaukar mu lokaci: mai tauri ko na hurawa? Mai tauri soso ne a ciki, aka lulluɓe shi da faiba. Gefensa siriri ne, yana kama jikin raƙumi, kuma ko makaho ya hau ya san ya fi daɗi a teku. Ɗan kawuna shi yake so. Sai na tambaye shi a wace motar haya za a ɗora mini abu mai tsawon mita uku daga Legas zuwa Kano ya isa lafiya, kuma a wane lungu na ɗakinsa na Obalende zai jingine shi. Na hurawa kuwa naɗe shi ake yi ya shiga jakar goyo. Cikinsa dubban zaruruwa ne suka haɗa sama da ƙasa, shi ya sa idan aka hura shi da famfo zuwa ma'aunin PSI 15 ko abin da kamfanin ya rubuta, yake yin tauri maimakon ya kumbura kamar balan-balan. Hurawar wajen minti goma ce, kuma ita kanta motsa jiki ce. A ganina ga ɗalibi babu ma zaɓi a nan.

Ko a cikin na hurawar akwai abin dubawa. Yawancin masu araha kaurinsu inci 6 ne, suna ɗaga mutum sama da ruwa sosai, iska na kaɗa su, raƙumi na jefa su kamar tulun roba. Mai kauri wajen inci 5 ya fi zama cikin ruwa, ya fi wa marar nauyi daɗi idan ana son a taɓa hawan raƙumi. Mai jiki sosai ne ke bukatar inci 6 don kada allon ya lotsa a tsakiya. Sai fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiya. Babba guda ɗaya yana sa tafiya ta miƙe a tafki. Idan da ƙanana biyu a gefensa, allon ya fi riƙe raƙumi. Wanda ake iya cire na tsakiyar a sauya shi ya fi, don ranar da ya karye ba sai an jefar da allon ba. Filafili kuma a nemi mai ƙara tsawo da ragewa: ya ɗara kai da kamar taƙi ɗaya a ruwan kwance, a rage shi kaɗan a cikin raƙumi. Lanƙwasar bakinsa gaba take kallo, ko da yake kusan duk sabon shiga juya ta yake yi.

Abin da mai hayar ya fi nanata mana ba allon ba ne, igiyar da ke ɗaure shi da ƙafa ce. Idan ka faɗo, iska na iya tafiya da allo fiye da saurin iyonka, alhali shi ne abin da za ka rataya a jikinsa. Mai murɗe kamar wayar tarho ta dā ta ruwan kwance ce, don ba ta jan ciyawa. A cikin raƙumi miƙaƙƙiya ake so, saboda mai murɗen tana iya fizgo allon ya dawo maka a fuska. Mai son ruwa biyu sai ya sayi igiya biyu, kuma su ne mafi araha a cikin kayan. Ya kuma ja mana kunne kan bakin mashigin jirage, inda ruwa ke fita teku da ƙarfi idan ya fara janyewa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne jin sunan hunturu a bakin teku. Gaɓar Legas kudu take kallo, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa. Ma'ana iskar nan da ke fasa mana leɓe a Kano, idan ta iso nan a Disamba da Janairu, daga tudu take busawa zuwa teku. Tana gyara raƙuman ruwa su yi kyau, amma mutumin da ke tsaye a kan allon hurawa ya zama tamkar tutar jirgi, sai ta yi ta tura shi waje bai ankara ba. Dabarar ita ce a durƙusa, ko a kwanta rub da ciki a sa filafili ƙarƙashin ƙirji a yi tuƙi da hannu. Da damina kuma teku ta fi hauka, raƙuman sun fi girma, ɗan koyo sai ya tsaya a cikin lungu.

Mun tsaya a kan na hurawa, ƙafa 10 da inci 6, faɗi inci 32, kauri inci 5, da igiya biyu da rigar ceto. Ɗan kawuna ya yarda ne da sharaɗin allon zai yi rani a wurinsa, ni in karɓa a dogon hutu.

Tiga kuma tana da nata sharuɗɗan. An kammala madatsar a 1974 a kan kogin Kano, faɗinta ya isa iska ta tayar da ruwa da yamma, saboda haka fitar safe ta fi. Sai an gaida masunta an tambaye su inda suka shimfiɗa taru, kuma a yi nesa da bakin da ruwa ke fita. Ruwan madatsu da yawa a Arewa yana da tsargiya, wadda ke shiga ta fata a gefen ruwa mai ciyawa inda dodon koɗi ke zama, don haka wanda ya ga jini a fitsari bayan ya yi wanka a irin wannan ruwa ya nufi asibiti. Shi kansa allon ba a barin sa a hure cikin ranar Kano. Iskar ciki tana faɗaɗa idan ta yi zafi har ɗinkin ya buɗe, don haka in an fito hutawa sai a kai shi inuwa ko a sassauta masa iska.