Nawa Ne Kuɗin Yankari?

Ranar da malaminmu ya ba ni taken furojet, wai in ƙiyasta darajar gandun dajin Yankari da kuɗi, sai na ce, "Malam, ai sai a tambayi masu karɓar kuɗin ƙofa." Ya yi dariya ya ce, "Wanda ya taso tun daga Legas, kuɗin ƙofa kaɗai ya kashe?"

Dabarar da ya koya mini ta wani masanin tattalin arziki ce, Harold Hotelling, wanda ya bayyana ta a 1947 cikin wasiƙar da ya aika wa hukumar kula da gandun dajin Amurka. Wurin shaƙatawa ba shi da farashi a kasuwa, amma kuɗin mota, mai, masauki da ranar aikin da baƙo ya bari, su ne farashin da ya yarda ya biya. In ka kasa baƙi gwargwadon nisan garuruwansu, za ka ga zuwa yana raguwa yayin da tsadar tafiya ke ƙaruwa. Daga nan ake fitar da darajar wurin.

Kwana uku na yi a bakin ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, ina tare mutane da takardar tambayoyi. Wata Hajiya daga Kano ta harare ni ta ce, "Ɗan nan, ko kai ɗan haraji ne?" Wani kuma biki ya zo Bauchi, ya ɗan ratso. To, kuɗin motarsa na biki ne ko na Yankari?

Amma wanda ya hana ni barci wani dattijo ne da na haɗu da shi a ƙauyen da ke kusa da ƙofa, ina jiran mota. Na ce, "Baba, sau nawa ka shiga yawon buɗe ido?" Ya ce, "Ko sau ɗaya. Su dai giwayen ne ke ziyartata. Bara sun cinye mini dawa."

Na duba takardata sama da ƙasa, babu gurbinsa. Dabarar masu zuwa take ƙirgawa, ba ta san wanda dajin ke ci wa gona ba.

Na gama lissafina yadda aka koya mini, domin ina son makina. Sai dai na ƙara shafi guda a kan dawar Baba. Malam ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Bar shi a ciki."