Kalankuwa a Ƙasar Bakori: Abin da Ƙafa ta Kai Mu Muka Gani

A ƙauyukanmu na tsakanin Funtuwa da Bakori, manomi ba ya cewa ya gama aikin shekara sai dawa ta shiga rumbu, an kai auduga kasuwa, kuɗi sun kwana a aljihu. Daga nan samari za su fara ƙus-ƙus a dandali: wane gari ne zai buɗe kalankuwa bana, wane makaɗi aka kai wa goro. Zancen wajajen 1975 nake yi, lokacin da aikin gona na Bankin Duniya ya sauka Funtuwa, taki ya samu, mutane suka fara mantawa da wuyar farin 1973. Naira ta riga ta shigo, amma bakinmu bai saki sule da fam ba.

Mota tana kan titin da ya bi ta Bakori zuwa Malumfashi, garuruwan da ake wasa kuwa ba su bakin titi. Keke na magidanta ne. Saboda haka duk mai son kallo sai ya taka.

Bayan la'asar ake tashi. Yayana ne jagora, shi da abokansa, kowa da sanda da tocila, sabuwar riga a naɗe a kafaɗa don kada ƙura ta ɓata ta. Mu yara muna baya, an ɗora mana gorar ruwa, ita ce kuɗin shigarmu ayari. Hanyar ta ratsa gonakin da aka girbe, shanun Fulani na kiwo a cikin kara, sai ta faɗa burtali, sai ta gangara fadama inda masu rake ke dafa mazarƙwaila. Ba wanda ke lissafin mil. Da itatuwa ake auna tafiya: in an wuce ƙatuwar kuka an yi rabi, in an kai ɗorayin bakin rafi saura ƙiris. Magarya ta nuna a lokacin, mu cika aljihu muna tafe muna tsotsa, ƙarangiya kuma tana cika mana ƙafar wando. Idan muka ratsa ta gefen ruga, Yaya ya yi sallama ya tambayi lafiyar shanu, sau da yawa a miƙo mana ƙwaryar nono ba ko kwabo. Na ambaci wannan ne saboda yaran yanzu in an faɗa musu sai su ɗauka tatsuniya ce.

Kafin a ga gari ake jin sa. Da magariba iskar hunturu takan ɗauko amon kalangu daga nesa, sai ka ga samari sun tsaya cak, sun karkata kunne. Kalangu magana yake yi ga wanda ya iya ji. Kowane saurayi da ya isa yana da takensa, kuma makaɗin kirki ya san taken baƙin da ake jira. Ran da Yaya ya jiyo nasa tun muna bakin rafi, ya juyo ya ce mini, "Kai, ɗaga ƙafa, ana kirana!" Sauran tafiyar da sassarfa muka ƙarasa ta.

A dandali an kafa rumfunan kara, an kunna fitilun ƙwai da aci-balbal, masu tsire da masu shayi sun jeru. Abin da ya bambanta kalankuwa da sauran wasanni shi ne samari kan kafa gwamnatinsu ta 'yan kwanaki. Akwai gwamna, akwai alƙali, akwai 'yan sanda da likita, 'yan mata ma da tasu shugabar. Na ga an gurfanar da wani saurayi gaban alƙali bisa laifin wucewa gaban budurwar gwamna bai cire takalmi ba. Alƙalin, wanda da rana makiyayin awakin babansa ne, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya tambayi muhuti ko mai ƙara ya biya kuɗin zama. Nan fili ya kaure da dariya, don kowa ya san kotun da ake kwaikwaya. Aka ci shi tarar sule biyu, ya biya yana murmushi, kuɗin suka tafi wajen makaɗa.

Amma ni abin da ke kai ni shi ne ɗan kama. Wanda ke zagaya yankinmu wani siriri ne mai ƙaton ciki, ba na faɗin sunansa tunda jikokinsa na nan. Shi ma a ƙafa yake yawo, gari zuwa gari, da yaronsa mai ɗaukar buhu, domin ladan nasa ba duka kuɗi ba ne: wani ya ba da kwanon gero, wata ta ba da ƙullin kuka ko daddawa. Sai an yi nisa da kiɗa yake fitowa, da rawanin tsumma, da carbin ƙwallayen goruba, da wasu tsofaffin takardu a cikin gafaka. Ya shimfiɗa buzu, ya zauna da natsuwar manyan malamai, ya buɗe takarda a juye. Yaron ya ja baƙi da wani yaren da babu shi a duniya, shi kuma ya fassara. Babin ranar nan na tuwo ne: sharuɗɗan loma, abubuwan da ke ɓata miya, hukuncin wanda ya riga mai gida kai hannu ga tsoka. Wani daga cikin taro ya ɗaga murya, "Allah gafarta Malam, wanda ya tarar ana cin tuwo bai da gayyata fa?" Ya yi shiru, ya shafa gemun da babu, ya ce wannan mas'ala malamai sun yi saɓani a kanta, amma mafi inganci shi ne ya zauna ya ci, ya nemi izini daga baya.

Daga nan ya ɗauki karin waƙoƙin da kowa ya haddace daga Rediyon Kaduna, na Shata da na Ɗanƙwairo, ya zare sarakuna da attajiran da ke ciki ya zuba ɗanwake da alale a gurbinsu. Shata kuwa namu ne, haifaffen Musawa da ya zauna Bakori da Funtuwa, don haka ko yaro ya san inda aka murɗe waƙar.

Wanda ya ɗauka duk wannan shirme ne bai zauna ƙauye ba. A daren nan akwai wani mai hali a kan tabarmar gaba, sananne wajen ba da bashin hatsi da damina ya karɓi ninki da kaka. Ba mai iya ɗaga masa ido, don rabin garin na cikin littafinsa. Ɗan kama ya buɗe sabon babi, na mudun da ke ramewa ranar bayarwa ya yi ƙiba ranar karɓa. Bai ambaci suna ba, bai ko dubi sashen mutumin ba. Mata suka rufe baki da gyale, dattawa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Mutumin ya yi yaƙe, ya zaro naira guda ya liƙa masa a goshi don a sauya babi. Ɗan kama ya karɓa, ya ɗaga ta ga hasken fitila, ya ce, "Ranka ya daɗe, ita wannan nawa zan mayar da kaka?" Ban taɓa jin dariya irin ta wannan dare ba. Abin da liman ya yi ta kewaye-kewaye a kansa, mai rawanin tsumma ya faɗe shi a bainar jama'a, aka kuma biya shi.

Mahaifinmu bai son zancen 'yan kama, yana cewa wasa da rigar malamai ba alheri ba ne, kuma yana da hujjarsa. Duk da haka in mun dawo da hantsi, ƙafafu fari fat da ƙura, yakan tambayi Yaya, "To, me shaƙiyyin nan ya ce kuma?"

Abubuwa da yawa suka taru suka kashe wannan rayuwa. Kaset ya kawo makaɗi cikin ɗaki, babur ya sa ƙafa ta zama abin kunya ga saurayi, wa'azi ya yi tsanani kan cakuɗuwar maza da mata, bidiyo kuma ya ɗauke barkwanci ya kai shi allo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, a ganina jinin 'yan kama ne, sai dai shi ba ka iya jefa masa tambaya daga cikin taro ya mayar maka nan take. Na ƙarshe kuma mafi muni shi ne 'yan bindiga. Tun kafin a kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun san cewa fita daji bayan magariba sayar da rai ne. Burtalin da muke bi da tocila muna waƙa, yau ko da rana sai an tambayi labarin hanya.

Tsofaffin makaɗa da 'yan amshi da yaran 'yan kama ba su ƙare ba tukuna. Suna nan a zauruka da bakin kasuwanni, wasu ma gudun hijira ya kawo su cikin Funtuwa. Mai karatu, in akwai irinsu a unguwarku, sayi goro ka kai musu, ka kunna wayarka, ka roƙe su su buga maka taken garinku tun suna da ƙarfin riƙe kalangu.